Fitilar da Baffa Ya Sayar wa Baba

Mu Barebari ne, ko da yake in ka cire tsagar fuskar kakarmu da 'yan kalmomin da Baba ke yi mana faɗa da su in ransa ya ɓaci, babu abin da ya rage mana na Borno. A unguwar Sheshe aka haifi Baba, a nan ni ma aka haife ni. Sana'arsa rubuta Alƙur'ani da hannu, kamar yadda ya gada. Zauren gidanmu ne wurin aikinsa: buzu, kurtun tawada baƙa da ja, da alƙaluman kara waɗanda ba wanda ya isa ya taɓa. Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Yakan ce sunan kawai na ɗauko, haƙurinta kuwa na baro shi a hanya. Bai yi ƙarya ba, ina da saurin hawa.

Baffa kuwa ba jininmu ba ne. Bafulatani ne mai shagon kayan lantarki a Jakara, dab da kasuwar Kurmi. Tare suka yi karatun allo da Baba, shi ya gudu kasuwa, Baba ya zauna. Tun da na yi wayo, kullum in ya rufe shago sai ya biyo ta gidanmu kafin magariba. Wanda ya san wasan Barebari da Fulani ya san abin da ke biyo baya. Baffa ba ya sallama irin ta mutane. Tun daga bakin lungu za ka ji shi.

"Ina bawan nan nawa? Ya gama aikin da na sa shi?"

Baba ba ya ko ɗaga kai daga takarda. "Shigo, makiyayin da ba shi da ko akuya."

"Bari in toshe hanci tukuna. Kun ƙarar da turaren duniya, har yau bai yi muku magani ba."

Haka za su yi ta yi har a kira salla. Baba ba mutum ne mai dariya ba. Mu 'ya'yansa sai mu yi wata ba mu ga haƙorinsa ba. Amma Baffa na zama a gefen buzun nan, sai ka ji Baba yana ƙyaƙyatawa har da tari, yana goge ido da hannun riga. Ina ƙarama har kishin Baffa nake yi. Da na girma na gane cewa Baba yana da ɗalibai, yana da masu girmama shi birjik, amma aboki ɗaya tak Allah ya ba shi.

Lokacin da abin ya faru na riga na yi aure, ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Idon Baba ya fara rauni, zauren kuma irin na da ne, ko da rana tsaka da duhu-duhu. Baffa ne ya kawo masa wata fitila mai caji, fara, mai hannu a sama, daga cikin sababbin da ya saro. Ya so ya ba shi kyauta, Baba ya ce shi ba ya karɓar sadakar bawa, ya saya. Fitilar ta yi masa daɗi ƙwarai, har yana cewa wasulla sun dawo suna tsayawa wuri ɗaya.

Ba ta cika wata biyu ba. Wata ranar Talata da hantsi aka kawo wuta, Baba ya jona ta a caji, ya ajiye ta kusa da takardun da ya gama. Ya kai Suratu Maryam a wannan kwafin, aikin wata da watanni. Sai ya ji ƙauri, ya waiga ya ga hayaƙi yana fita daga gindin fitilar. Da ni ce, da na ruga waje. Shi kuwa takardun ya duba. Ya kai hannun dama ya fizgo ta don ya jefar da ita waje, ta fashe a hannunsa. Takardun ko ɗigo bai taɓa su ba. Hannun ne ya ƙone, babban yatsa da manuni da rabin tafi, robar ta narke ta manne da fata.

Kwanansa tara a asibiti. Ran na biyu Baffa ya zo dubiya, ɗakin cike da mutanen unguwa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa a gaban gado, dattijo mai furfura, ya ce, "Malam, ka yafe mini. Ni na kawo maka ita da hannuna."

Baba ya ce, "Tashi, kai. Ƙaddara ce. Na yafe duniya da lahira, ku shaida."

Kowa ya ce madalla, aka shafa fatiha. Ni kaɗai na lura da abin da ya sa Baba ya juya fuska bango bayan sun fita. Shekara hamsin da wani abu, wannan ce rana ta farko da Baffa ya kira shi Malam.

Bayan an sallamo shi, Baffa ya ci gaba da zuwa, amma ba irin zuwan da ba. Sai ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama cikakkiya, ya ce, "Allah gafarta Malam, ya jiki?" Ya ajiye ledar lemo ko ayaba, ya ƙi zama, ya tafi. Baba ya yi ta jefa masa tsokana, ya kira shi bawa, ya tambaye shi lafiyar shanun da ba shi da su. Baffa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Malam." Daga baya zuwan ya koma na Juma'a-Juma'a, daga nan ya koma aiken gaisuwa. Baba kuwa yana nan a kan buzu da hannu a naɗe, bayan la'asar idonsa na kan ƙofa. Cokali yake cin tuwo da shi da hagu, a ɓoye, ba ya so ko Umma ta gani. Ciwon hannun yana damunsa, amma na rantse rashin Baffa ya fi cin sa. Mutum ya rame a tsaye muna kallo.

Ni kuwa fushi nake yi, kuma ban san wanda zan sauke wa ba. Da aka kwance bandejin muka ga yatsun biyu sun ƙage, ba sa haɗuwa, likita ya ce sai an yi aiki, kuma ko an yi ba tabbas. A ranar na nufi ofishin wata ƙawata da muka yi sakandare tare, wadda ta zama lauya. Na zazzage mata komai ina huci. Ta bar ni na gama, sannan ta ce dokar ƙasa ta san da irin wannan. Wanda ya ƙera kaya ko ya shigo da su, in suka cutar da mai saye alhali bai yi amfani da su ta hanyar da ba ta dace ba, ana iya neman diyya a wurinsa. Ta ce in kawo mata rahoton likita, da hoton hannun, da rasit, da ita kanta fitilar.

Rahoto da hoto ba wuya. Rasit kuwa dariya ma ya ba ni. Wa zai ce wa Baffa ya rubuta rasit? Ai zagi ne. Saura fitila. Na zo gida na tambayi Umma inda aka ajiye ragowarta.

Ta ce, "Wace? Wannan la'ananniyar? Ai tun washegari na ba 'yan gwangwan. In bar ta ta kwana biyu a gidana?"

Na ce, "Umma, shaidarmu ce fa kika bayar!"

Ta ce, "To ai ba a banza na bayar ba," ta nuna mini wata 'yar robar wanke-wanke shuɗiya da suka ba ta a madadi. Na zauna a bakin rijiya na rasa ko kuka zan yi ko dariya. Har yau robar tana gidan, Umma tana jiƙa wake a ciki.

Da na koma, ƙawata ta ce to hanya ɗaya ta rage. Ba fitila, ba rasit, ba mu ma san sunan kamfanin da ya shigo da ita ba. Wanda ya sayar shi ne zai ce daga wurin wa ya saro, shi ne igiyar da za ta kai mu can. Kuma yadda aikin yake, dole sunansa ya shiga cikin waɗanda ake ƙara, ko da ba shi muke nufi ba.

Na san abin da zan tarar, amma na je na faɗa wa Baba. Bai bar ni na kai ƙarshe ba.

"Uwata, kina cikin ɗakin nan na ce na yafe ko ba kya ciki?"

"Ina ciki, Baba. Amma Baffa ka yafe wa, ba kamfani ba."

"Sunan wa za a rubuta a sammaci?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"A ce a garin nan na yafe wa mutum a gaban jama'a, sannan na aika masa da sammaci? Mutumin da ko yanzu ba ya iya haɗa ido da ni? So kike ki ƙarasa kore mini shi?" Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe, ya juya ya hau gyara alƙaluman da ba ya iya riƙewa. Na fita ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, ina kuma jin haushin kaina.

Kwana uku ina juya abin. Ran na huɗu na tashi daga makaranta na wuce Jakara ba tare da na gaya wa kowa ba. Niyyata in yi wa Baffa tas, in ce masa ƙunar hannu ba ta kashe Baba ba amma gudunsa zai kashe shi. Na same shi a cikin shago shi kaɗai, ya faɗa, hular ma ta yi masa yawa. Duk maganar da na shirya ta gudu. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "'Yar Barebari, ke ce? Ya jikin Malam?"

Kafin in amsa, idona ya sauka a kan wani buhu a bayan kanta, bakinsa a buɗe, cike da fararen fitilu irin ta Baba. Wasu sababbi, wasu sun sha hannu, biyu kuma gindinsu ya yi baƙi ya narke.

Ya ga inda nake kallo. Ya ce tun ranar da ya dawo daga asibiti ya shiga bin gidaje. Shi ba ya rubuta komai, amma duk wanda ya sayi fitilar nan a hannunsa ya san shi, ya san gidansu, ya san ubansa. Daga Jakara har Ƙofar Mata ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya karɓo. A nan ya tarar biyu sun riga sun yi irin ta Baba. Ɗaya ta cinye labulen wata amarya, ɗaya ta ƙona wa wani tela gwiwa. Duk cikinsu ba wanda ya zo ya faɗa masa, kowa ya ce ƙaddara ce, kuma ba a so a kunyata shi.

Na ce, "To me za ka yi da su, Baffa?"

Ya ce, "Jira nake damina ta yi ƙarfi in zuba su a kwata ruwa ya tafi da su."

Na dafe buhun da hannu biyu kamar za a ƙwace mini. Na yi masa bayanin lauya tun daga farko, ban ɓoye masa maganar sammaci ba. Ina faɗa ina jiran ya ce in fita masa daga shago. Sai ya buɗe wata tsohuwar jakar fata, ya zaro takardar sarin kayan mai ɗauke da sunan dilan da na kamfanin da ke shigo da su ta Legas, ya miƙo mini.

Ya ce, "A sa sunana. A sa shi a farko ma. Ni wannan yafewar ta fi ƙarfina, 'yar nan. Da ya zage ni, da ya kai ni gaban alƙali, da na samu na yi barci."

Da yamma na koma wurin Baba da takardar. Na ce Baffa da kansa ya ce a sa sunansa. Na gaya masa labarin amarya da tela, na ce irin fitilun nan suna nan a wasu shagunan ana sayarwa. Ya saurara har na gama. Can ya tambaye ni abin da ban zata ba.

"In aka shiga shari'ar nan, dole ya riƙa zuwa?"

"Dole, Baba. Duk zaman da za a yi."

"Inda nake, nan zai zauna?"

"Ɗaki ɗaya dai."

Ya daɗe yana kallon ƙofar zaure. Sannan ya ce, "To a rubuta."

Na fita ina murna na yi nasara, sai da na kai bakin titi na gane ba hujjata ce ta ci shi ba. Baba bai damu da diyya ba, bai damu da kamfani ba. Hanyar da zai sa a kawo masa abokinsa ya gani, ya kama.

Shari'a ba ta sauri, wannan kowa ya sani. An rubuta wa kamfanin wasiƙa suka yi biris, aka shigar da ƙara, aka kai fitilun wurin masana suka duba suka ce batirin ba shi da abin da ke yanke wuta in ya cika. Tela ya yarda ya ba da shaida, mijin amarya ya ce shi a bar shi. Mun yi ta zarya. Kuma duk zaryar nan dabarar Baba ba ta ci ba. Baffa yana zuwa kafin kowa, amma sai ya nemi can ƙarshen benci ya takure. In Baba ya matsa, shi ma ya matsa. "Allah gafarta Malam" dai, ba ƙari. Sau ɗaya kawai na ga halin Baffa na da ya leƙo, ranar da lauyan kamfanin ya ce laifin Baba ne, wa ya ce ya kama abu yana hayaƙi. Baffa ya miƙe tsaye ya ce, "Alƙur'ani ne a gefenta! Kai da za ka bar shi ya ƙone?" Sai da aka zaunar da shi. Da muka fito Baba ya ce masa, "Ashe bawan nawa yana da baki." Baffa ya dubi ƙasa ya ce, "A yi haƙuri, Malam."

Daga ƙarshe kamfanin ya nemi sulhu. Za su ɗauki nauyin aikin hannun da na tela, su janye sauran fitilun daga kasuwa, a cire sunan Baffa daga kowane laifi. Gara in faɗa tun yanzu, an yi aikin daga baya, yatsun sun ɗan saki, Baba yana cin tuwonsa da dama. Amma bai sake rubuta Alƙur'ani ba. Wani tsohon ɗalibinsa ne ya ƙarasa kwafin daga Suratu Maryam. Wannan baƙin cikin yana nan tare da ni, ba takardar da ta goge shi.

Ranar sa hannu a ofishin ƙawata aka taru. Lauyan kamfanin ya sa, Baffa ya sa, aka turo takardar gaban Baba. Sakataren ofishin ya dubi hannun, cikin kyautatawa ya buɗe 'yar tawadar dangwale ya tura masa. Wai ya dangwala da yatsan hagu.

Na ji kamar an mare ni. Mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da ka, ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba, yau shi ake miƙa wa dangwale. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya ture tawadar gefe, ya ce a ba shi biro. Ya sa shi tsakanin yatsun, biron ya zame ya faɗi. Ya ɗauka, ya sake faɗuwa, ya gangara ƙarƙashin tebur. A ɗakin ba mai iya kallon wani.

Baffa ne ya taso daga kujerarsa ta can nesa. Ya durƙusa da ƙyar ya lalubo biron, ya zagayo bayan Baba, ya sa masa shi a hannu. Sannan ya ɗora nasa hannun a kai, ya matse yatsun nan biyu da suka ƙage, ya riƙe. Baba ya fara jan sunansa da Larabci, harafi ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki lokaci mai tsawo. Da suka gama, sunan ya fito a karkace, wani harafin ya hau kan wani. Baffa bai saki hannun ba. Ya leƙa takardar, hawaye na bin gemunsa, ya ja hanci.

Ya ce, "Dubi abin kunya. Shekara hamsin ina ciyar da bawa yana koyon rubutu, ashe abin da ya iya ke nan."

Baba ya yi wani irin sauti, na ɗauka shaƙewa ya yi. Dariya ce. Ta ƙwace masa har da tarin nan, ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa na girgiza. Da ya samu numfashi ya ce, "Hannun makiyayi ne ya ɓata mini. Sake ni, kana warin nono."

Lauyan kamfanin, wanda ba ɗan gari ba ne, ya dubi ƙawata a tsorace ya tambaya ko sulhun ya rushe ne. Ta ce masa a'a, ya tattara takardunsa kawai.

Na tsaya karɓar kwafinmu, na yi wa ƙawata godiya, duka bai fi minti goma ba. Da na sauko ƙasa ban gan su ba. Mai gadi ya ce dattawan nan biyu masu faɗa da juna? Ai sun tare adaidaita sun tafi tun ɗazu. Ni da na yi wata da watanni ina zarya a kan maganar nan, ko ɗayansu bai tuna da ni ba. Na tsaya a bakin titi da takardu a hannu, rana tana dukana, ina ta kuka, kuma ban taɓa jin daɗin an manta da ni irin na ranar ba.